Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana a Makarantar Horon Soja

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Kawunka ya kawo mana labarin cewa an kwashi wani yaro daga ɗakinku zuwa asibiti da tsakar dare, kuma ba a wajen fareti ya faɗi ba, 'yan ajin gaba ne suka tashe ku bayan an kashe fitila. Da muka yi waya na yi ta tambayarka, kana ta ce mini lafiya lau. Muryarka ba ta ce haka ba.

Ban jahilci horo ba. Gudu da kaya a baya, tsallen kwaɗo, tsayuwa cikin rana, tsawar saje, duk na san da su ranar da na sa hannu a takardarka, mahaifiyarka tana hawaye, dangi suna cewa na fiye taurin zuciya. Har gobe ban yi nadama ba, domin wanda za a damƙa wa bindiga dole ya sha wuya. Amma horo yana da lokacinsa, da malamin da aka san sunansa, da likita a kusa. Abin da ake yi wa yaro a duhu a kuma ce kada ya faɗa, cin zali ne kawai.

Abin da ke hana ni barci shi ne shirunka. A 2019 wani kadet ɗan shekara 20 ya mutu a makarantar hafsoshin sojan Filifin da ke Baguio saboda dukan na gaba da shi, alhali an taɓa kai shi asibitin makarantar aka sallamo shi. A Rasha, farkon 2006, an tilasta wa wani ƙaramin soja tsugunno na sa'o'i a makarantar tankokin yaƙi ta Chelyabinsk, aka yi jinkirin duba shi, ƙarshe sai da aka yanke ƙafafunsa biyu. A Ingila ma, matasa huɗu sun mutu a barikin Deepcut tsakanin 1995 da 2002, iyayensu suka shafe shekaru suna neman a gaya musu gaskiya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san sauran.

Kuma na san halinka. Kai ne ka ɓoye maganar hannunka har ya kumbura, don kada a ce maka rago. Wannan ba jarumta ba ce, wauta ce, kuma ban haife ka don ka kashe kanka saboda bakin mutane ba! Idan fitsarinka ya yi duhu ko ka ga jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya murɗe bayan duka, ka tafi asibiti a ranar, ka ga an rubuta a katinka. Ka gaya wa hafsan da ke kula da ku. In kana tsoronsa, akwai limamin bariki, akwai ni. Ranar da ka zama na gaba kuwa, idan na ji ka ɗaga hannu kan ɗan wani, ba za mu shirya ba.

Kada ka ji zafin maganata, hankalina ne a tashe. Ko da abin zai kai ga ka baro makarantar, ƙofar gida a buɗe take, ba wanda zai yi maka gori ina raye. Ranar da aka ba ku waya ka keɓe inda ba kowa ka kira ni, ka faɗa mini halin da yaron nan yake ciki, da naka.

Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka