Wasiƙar godiya ga ma'aikatan ofishin gyaran rubutu da shirya littattafai na Maraɗi

Assalamu alaikum. Malamai, muna gaishe ku da aiki, tun daga mai ofis har yaran da ke zaune gaban kwamfuta. Mu wasu marubuta ne na garin nan da kewaye, masu rubutu kan tarihi da noma da kiwo da sana'o'i. Mun zaɓi mu yi godiyarmu a bainar jama'a don na baya su san inda za su dosa, kuma su ji abin da ake koyarwa a wurinku.

Babban abin da muke gode muku a kai shi ne dosiyen tayin littafi. Yawancin masu rubutu a nan sun saba mutum ya shekara uku ko huɗu yana cika takardu, sai ya gama kakaf sannan ya fita neman mai bugawa. Labarin ƙirƙira kam haka ake yi masa. Amma littafin ilimi ana iya tallarsa tun bai kammala ba, da dosiye mai shafi 20 zuwa 40, kuma kamfanin ɗab'i na yanke shawara a kansa. Ku ne kuka zaunar da mutane kuka nuna musu cewa wannan dosiye takardar ciniki ce. Mai karanta ta ɗan kasuwa ne da zai zuba kuɗin takarda da tawada, abin da yake son ji shi ne wa zai saya, nawa ne, kuma don me wannan marubucin ne ya dace.

Mun yaba yadda kuke tsayawa a kan shafi biyun farko, inda ake bayyana littafin a taƙaice. A nan mafi yawan dosiye ke mutuwa. Mutum zai buɗe da doguwar shimfiɗa kan muhimmancin ilimi, ya cinye shafi guda bai faɗi abin da littafinsa ya ƙunsa ba. Ƙa'idarku ita ce jimla uku na farko su ɗauki batun, da abin da ke sabo a ciki, da wanda zai amfana. Idan marubuci ya kasa faɗin littafinsa da baki cikin minti ɗaya, kukan ce ya koma ya ƙara tunani, domin matsalar tana cikin littafin kansa. Kuna kuma matsa wa mutane su ƙuntata batu. "Tarihin Maraɗi" ya yi faɗi, ba mai iya ɗaukarsa a kai ɗaya. Amma yadda ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta sa gari ya tashi daga kwari ya hau tudu, da yadda unguwanni da kasuwa suka sake zama bayan haka, wannan littafi ne mai kai da ƙafa.

Sai batun masu karatu. Duk wanda ya rubuta "littafin nan na kowa da kowa ne" kukan mayar masa da takardarsa, kuma kun yi daidai, don mai ɗab'i ba ya iya lissafi da "kowa". Mai rubutu kan jar akuyar Maraɗi sai ya jero su: masu kiwo da suka iya karatun boko, ƙungiyoyin mata masu kiwon gida, ɗaliban fannin noma na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kullodo, majema da dillalan fata, da ma'aikatan dabbobi. Ya faɗi ta inda littafin zai kai gare su, ko ta shagunan littattafai, ko gidajen rediyo, ko taron horo. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, mai rubutu da Hausa ya samu hujjar da zai sa a wannan sashe, amma kukan gargaɗe shi kada ya ɗauki hujja a matsayin adadin masu saye.

Wani wurin da kuka gyara wa mutane tunani shi ne littattafan da suka riga nasu. Marubuci kan ɗauka cewa idan ya ce "ba a taɓa rubuta irinsa ba" ya ɗaga darajar kayansa. Ga mai ɗab'i kuwa, wannan magana na nufin ko dai babu kasuwa, ko marubucin bai yi bincike ba. Kukan nemi a kawo uku zuwa biyar, kowanne da shekararsa da kamfaninsa da layi biyu kan inda sabon ya bambanta. Wanda zai rubuta kan fataken garin nan, alal misali, dole ya ambaci littafin Emmanuel Grégoire kan alhazan Maraɗi na 1986, ya nuna cewa wancan da Faransanci aka yi shi, kuma kusan shekara 40 sun shige, ciniki da Katsina da Kano ya sauya kama.

Jerin babi-babi ba mu da dogon bayani a kansa: kowane babi sakin layi ɗaya, a faɗi abin da zai tabbatar. Tarihin marubuci rabin shafi, abin da ya shafi batun kaɗai. A ƙara da yawan kalmomi da watan da za a miƙa aiki.

Babin gwaji, wato babi guda na littafin da ake haɗawa cikin dosiye don a ga rubutun marubuci, shi ne inda hannunku ya fi fitowa. Kukan hana a aika gabatarwa, ku zaɓi babin da ya fi nama. Kuna bin rubutun layi-layi, kuna tambayar daga ina kowace shekara da kowane adadi suka fito, kuma wanda aka yi hira da shi ya yarda a sa sunansa ko a'a. Ƙananan abubuwan da ke ɓata aiki ma ba ku bari su wuce. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kan koma akwatuna idan an buɗe takardar a wata kwamfuta, shi ya sa kuke haɗawa da kwafin PDF. Wanda zai aika Zariya ko Kano kukan tuna masa cewa can 'y suke rubutawa inda mu muke sa ƴ. Hoton da ya bi ta WhatsApp ya riga ya lalace ga ɗab'i, sai a nemo na asali, a kuma samu izinin mai shi a rubuce.

Malamai, abin da ya fi sa mu ɗaukar alƙalami shi ne gaskiyar da kuke faɗa kan kwangila, ko da za ta rage muku ciniki. Kuna raba wa mutane hanya biyu sarai. A ɗaya, kamfani ke ɗaukar kuɗin bugu, ya ba marubuci kaso, galibi 8 zuwa 10 cikin 100 na farashi. A ɗaya kuwa marubuci ne ke biya daga aljihunsa, kuma sayarwa ta rataya a wuyansa. Ko wacce halal ce, muddin mutum ya san wadda ya shiga. Kuna yi masa lissafin a gabansa: littafin jika 5, kaso 10, dala 100 ke nan a kowane kwafi, kwafi 1,000 su ba da jika 500 idan duk sun fita. Mai shago ma yana da nasa rangwamen, kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya ga wannan ba zai sayar da gona don littafi ba. Kukan sa a duba shekara nawa aka ba da haƙƙi, a wane harshe, a waɗanne ƙasashe, kwafi nawa za a buga, yaushe ake kawo lissafi, da sefa ko da naira za a biya, kuma haƙƙin zai dawo wa mai shi idan littafi ya ƙare ba a sake bugawa ba. Kuɗin kafin alƙalami, in an samu, kuna bayyana cewa daga kason gaba ake cire shi. Kuna kuma tura mutane su yi rajistar aikinsu a hukumar haƙƙin mallaka ta BNDA, su tabbatar littafi ya fito da lambar ISBN, wato lambar da ake gane littafi da ita a kasuwar duniya.

Roƙonmu ɗaya ne: ku duba yiwuwar kai wannan zama Tasawa da Tsibiri da Madarunfa ko da sau ɗaya a shekara, don akwai malamai da tsofaffin ma'aikata a can masu rubutu cikin akwati. Allah ya yi wa aikinku albarka, ya ƙara buɗi, ya saka wa iyayenku da alheri.

Wassalam,
Daga wasu marubuta na jihar Maraɗi