Wasiƙa Daga Luton: Kewar Kakar da Muka Hau

Luton, Ingila
Nuwamba 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara da su Hajiya. Ya Kano, ya hunturu? Mu nan sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci an kira magariba, mutum ya fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu.

Na san za ka yi mamakin doguwar wasiƙa daga wurina, tunda mun saba da saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp. Uwargida ce ta ja. Ta sa ni sauko da kayan sanyi daga saman kabad, ina zazzage jaka sai ga gyalen wuyan nan naka mai ruwan lemo, wanda kake kira rawani. Ka bar shi ranar da na kai ka filin jirgi, ka ce ba ka ga abin da za ka yi da shi a zafin Kano ba. Sai na zauna a bakin gado riƙe da shi, har ta leƙo tana tambaya ko wani abu ne ya faru a gida.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ka dai san inda ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, Luton Town, take yanzu: League One, rukuni na uku. Shekara biyu da ta wuce Liverpool da Arsenal ne ke zuwa filinmu na Kenilworth Road, bana kuwa su Burton da Exeter da Stevenage muke jira. Faɗuwa biyu a jere. Ta biyun ta fi ciwo, domin a ranar ƙarshe ta faru, West Brom suka ba mu 5-3, muka yi kunnen doki da Hull a maki 49, yawan ƙwallayen da aka zura mana ya tura mu ƙasa. Na ga saƙonka a ranar, na "Allah ya ba da haƙuri" da hoton dariya a ƙarshe. Ban amsa ba, kuma ban manta ba.

Har yanzu ina zuwa filin, amma abin da na lura da shi, a hutun rabin lokaci ba wanda ke hirar wasan da ake yi. Kowa ya buɗe baki sai 2023. Kuma ba kakar Firimiya ake tunawa ba, wadda ta gabace ta ake tunawa, kakar hawa.

Ka tuna yadda muka fara? Kai ne ka ce ba za ka ɓata kuɗinka a kallon 'yan dagaji ba, kai ɗan Arsenal ne tun kana zuwa gidan kallo a Fagge. Tsohon nan maƙwabcina, wanda ka laƙaba wa Baban Malfa, shi ya matsa mana. Ranar farko ka yi ta dariya da ka ga ƙofar Oak Road, inda baƙi ke shiga ta tsakanin gidajen mutane, su hau matakala suna hango shanyar matan unguwa a bayan gida. Ka ce ko filin unguwarku ya fi wannan fasali. Filin da bai cika ɗaukar mutum dubu goma sha ɗaya ba a lokacin, tun 1905 yana nan, a matse cikin Bury Park, tsakanin shagunan nama na halal da masallatai. Sai ga shi bayan wata biyu kai ne mai tashina, kana cewa mu yi azahar da wuri kada a fara ba mu.

Kakar ba ta fara da alamar komai ba. A Oktoba 2022 Watford, manyan abokan hamayyarmu, suka lallasa mu 4-0 a gidansu. A Nuwamba kocinmu Nathan Jones ya tattara ya koma Southampton, karo na biyu ke nan da ya bar ƙungiyar a tsakiyar kaka, sai aka ɗauko Rob Edwards, mutumin da Watford ɗin suka kora bayan wasa goma kacal na lig. Baban Malfa ya yi kwana uku yana ƙunƙuni, wai an rasa wanda za a kawo sai ragowar maƙiya. Da aka fara cin wasa ya yi shiru, daga baya ma ya ce shi tun farko ya ga alheri a fuskar yaron.

Ramuwar gayya ta zo ranar 1 ga Afrilu 2023, cikin azumi, da tsakar rana. Osho ya ci, Campbell ya ƙara a ƙarshe, 2-0. Mun yi ihu da busasshen maƙogwaro har muryarka ta dushe, a masallaci da daddare wani ɗan Pakistan ya tambaye ka ko mura kake yi. Ka ce masa eh. Allah ya yafe maka wannan.

Ba ƙungiya ce mai ƙawa ba, gaskiya. Ba ruwansu da taɓa-ka-ba-ni. A ɗaga ƙwallo sama, Carlton Morris ya danne ta da ƙirji, Elijah Adebayo ya ture mutum biyu, Nakamba na tsakiya yana share duk abin da ya faɗo kamar mai tsintsiya. Morris ya ci 20 a lig. Muka ƙare na uku a Championship, rukuni na biyu, da maki 80, a bayan Burnley da Sheffield United, da kuɗin da bai kai abin da wasu ke kashewa a kan ɗan wasa ɗaya ba. Mu kuma muna da namu dalilin na daban: Adebayo, Osho, Onyedinma, duk jinin Najeriya. Kai kake musu kirari da Hausa daga kan benci, Turawan da ke kewaye da mu suna tafi ba su san me kake cewa ba.

In ka tambayi mutane ranar da ta fi, yawanci Wembley za su ce. Ni ban yarda ba. Daren Sunderland ne, Talata 16 ga Mayu, wasan kusa da na ƙarshe na cike gurbin hawa Firimiya. Sun ci mu 2-1 a can gidansu, Amad Diallo ya yi mana wata ƙwallo daga bugun tazara da har yau in na gan shi a rigar Manchester United sai na ji haushi. Suka zo Kenilworth Road suna ganin sun gama. Ban taɓa jin ƙara irin ta daren nan ba, rufin kwanon filin yana amsawa, katakon da ke ƙarƙashin ƙafarmu yana rawa. 'Yan bayansu duk gajeru ne saboda manyan sun ji rauni, mu kuma kowane bugun kusurwa sai mu tura musu ƙattai. Minti goma Osho ya tura ta raga a cikin turmutsutsu. Dab da hutu Doughty ya ɗago, kyaftin Tom Lockyer ya sa mata kai. Daga nan sai tsaron gida da addu'a. Da alƙali ya hura tashi, kafin in juya ka tsallake allon talla kana cikin fili, kai da kake yi wa yara wa'azin bin doka a ƙasar mutane. Na same ka a tsakiyar da'ira ka rungume wani ƙaton Bature mai zane a wuya, ku biyun kuna kuka. Wembley filin aro ne. Wannan kuwa a gida aka yi shi, minti bakwai daga ƙofar ɗakina.

Amma ba zan hana Wembley haƙƙinta ba. Asabar 27 ga Mayu, wasan ƙarshe na cike gurbi, mu da Coventry, mutum 85,711. Jirgin ƙasa daga Luton ya cika da ruwan lemo har ba wurin sa ƙafa. Ba a yi nisa da farawa ba Lockyer ya yanke jiki ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi. Ka kama hannuna kana salati. Aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, muka ci gaba da kallo da rabin zuciya. Sai Adebayo ya kwashi ƙwallo ta hagu, ya yi wasa da mai tsaron baya, ya miƙa wa Jordan Clark, minti na 23, raga. Bayan hutu Hamer ya farke musu, kuma wanda ya ba shi ƙwallon shi ne Gyökeres, wannan dai da kuke taƙama da shi a Arsenal yanzu. Ka gaya wa 'yan majalisarku ka taɓa ganinsa ido da ido, kuma ranar bai tafi da komai ba.

A ƙarin lokaci Joe Taylor ya ci, muka yi tsalle muka zube kan juna, na'ura ta ce ƙwallon ta taɓa hannunsa. Sai fenariti. Kai ka juya baya, ka ce ba za ka kalla ba, in riƙa faɗa maka. Morris, Taylor, Nakamba, Clark, Berry, duk suka ci, su ma biyar ɗinsu suka ci. Dan Potts ya ci ta shida. Fankaty Dabo ya zo ya ɗaga ta sama da raga. Ban samu bakin faɗa maka ba, ƙarar ce ta faɗa maka. Na tausaya wa yaron daga baya, amma a lokacin, wallahi, ko kaɗan. Da suka hau karɓar kofi suna ɗaga rigar Lockyer mai lamba 4, sai ga hotonsa yana yawo a waya, yana kan gadon asibiti da wayoyi a ƙirji, iyalinsa kewaye da shi suna murna. A nan Baban Malfa ya zauna ya rufe fuska da hularsa.

Maganar tsohon nan ce ma ta sa na ga ya kamata in rubuto. Ya tsufa sosai bana, gwiwa ta hana shi hawa matakalar filin, sai in na dawo in shiga in ba shi labari. Makon jiya na ce masa ina kewar 2023. Ya yi dariya ya ce ni yaro ne a wannan harka. Shi a wurinsa kakar da ba ta da kamarta ita ce 2013-14.

Ka san tarihin, amma ban taɓa jin sa daga bakinsa a jere ba sai ranar. Yana Wembley a 1988 da Luton ta ci Arsenal 3-2 ta ɗauki kofin League Cup (yi haƙuri, haka tarihin ya zo). Yana nan a 1992 da suka faɗo daga rukunin farko, ana saura 'yan watanni a fara Firimiya. Yana nan a 2008 da hukumomi suka zaftare musu maki 30 tun kafin a buga wasa ko ɗaya, saboda badaƙalar kuɗi da shugabannin baya suka tafka, abin da ya fitar da su daga lig gaba ɗaya a 2009. Shekara biyar suna rukuni na biyar, suna zuwa ƙauyukan da filinsu bai fi na makarantar sakandare ba. Sau uku suna zuwa wasan cike gurbi ana fitar da su: York, sai Wimbledon a fenariti, sai York kuma. Sannan koci John Still ya zo, Andre Gray ya ci 30, suka haɗa maki 101. Abin da ya fi ba ni mamaki, daren da hawan ya tabbata Luton ba ta ma buga wasa ba. Cambridge da ke biye da su ce ta sha kashi a Kidderminster, shi kuwa yana kicin shi da marigayiya matarsa suna saurare a rediyo. Ya ce 2023 biki ne, an ci an sha, amma 2014 ita ce ranar da aka sallamo mara lafiya daga asibiti. Da ya ambaci matar sai ya yi shiru, ya ce in ƙara masa ruwan zafi a shayi.

Na fito daga wurinsa ina tunani. Shi kicin ɗin nan yake kewa, da wadda ke zaune a gefensa. Ni ma da na bincika kaina, ba Morris nake kewa ba, ba kuma Edwards ba. Kujerar da ke damana yanzu wani saurayi ne a kai, yaron kirki, amma rabin wasan yana kan waya, kuma in na ce "kai, wannan alƙali ɗan son kai ne" ba mai amsa mini.

Kakar Firimiya ka kalle ta a talabijin, ba sai na maimaita ba. Wasa shida muka ci, maki 26. Akwai daren da Adebayo ya zura wa Brighton uku, akwai daren da Rice ya ci mu a minti na 97 ka kira ni kana ihu ba kunya, akwai ranar da zuciyar Lockyer ta tsaya a Bournemouth likitoci suka ceto shi da ikon Allah. An ji daɗi, amma kullum kamar baƙi muke a gidan biki, ana yaba mana ana jiran mu tashi.

'Yan wasan sun watse. Osho ya tafi Faransa, Morris yana Derby, Doughty yana Millwall. Har Pelly Mpanzu, wanda ya taso da ƙungiyar tun daga rukuni na biyar har Firimiya, abin da ba wanda ya taɓa yi da ƙungiya ɗaya kafin shi, ya tafi bana. Duniya rawar 'yan mata: Sunderland da muka fitar suna Firimiya, Coventry na tashe a saman teburin Championship a hannun Lampard. Mu kuma a watan jiya aka ba Jack Wilshere, tsohon ɗan wasan Arsenal, aikin koci, don haka yanzu ba ka da hujjar ƙin mu, ɗanku ne ke jan ragama.

Ina sane za ka ce ku ma kun ɗanɗana. Gaskiya ne, Pillars mai kofin lig huɗu ta faɗa 'yan dagaji a 2022 ta dawo a 2023, shekara ɗaya da hawanmu, har kana cewa a bana ko kaza ka goya wa baya sai ta hau. To ka ba ni labari, 'yan Sai Masu Gida suna tuna kakar nan da daɗi, ko kunya ce ake binnewa? Ina jin ba ɗaya ba ne, domin ku gidanku kuka koma, mu kuwa shekara 31 muka yi a waje. Kuma yaya Ahmed Musa a filin Ƙofar Mata, har yanzu ƙafar na nan?

Wani abu kuma. An fara aikin sabon fili a Power Court, kusa da tashar jirgin ƙasa, mai ɗaukar mutum 25,000, ana maganar komawa a 2028. In an koma, Kenilworth Road ta tafi ke nan, da ƙofar Oak Road da shanyar da komai. Ka yi ƙoƙari ka nemi biza kafin lokacin, ko na mako biyu ne. Ɗaki na nan, tikiti a wuyana, kuma a League One ba a wahalar samu. Rawaninka na wanke na ajiye, ba zan aiko ba, sai ka zo da kanka.

Baban Malfa ya ce in gaishe ka, yana tambayar ko ka daina tsallake allon talla. In an samu mai tahowa, a haɗo ni da yaji da kilishi, wanda ka aiko da Sallah ya ƙare tuni. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Ka shafa mini kan yara.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Bury Park