A riƙa kula da ɗaliban da ke koyar da kalkulas kyauta a jami'o'inmu

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a? Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba mai ambatonsu, wato ɗaliban sashen lissafi da suke tara 'yan aji ɗaya da daddare suna yi musu tutoriyal ko sisi ba sa karɓa.

Duk wanda ya karanta kimiyya ko injiniyanci ya san MTH 102, kwas ɗin kalkulas, wato lissafin yadda abu yake canzawa, da ya sa mutane da yawa kari-oba. Mu dai abin da muka zo da shi daga sakandare hadda ce ta JAMB kawai, sauko da pawa ka rage mata ɗaya, x² ta koma 2x, shi ke nan, amma a ce me ya sa, sai ido. Malamai kuma ban ga laifinsu ba, mutum ɗaya ga ɗaruruwan ɗalibai a babban ɗakin lacca, na baya ko allon ba sa gani.

Akwai wani ɗan aji uku a makarantarmu, shi ba ya fara ba ka fomula sai ya sa ka ɗauko kalkuleta. Ka buga 3² ka samu 9, ka buga 3.1² ka samu 9.61, bambancin 0.61, raba shi da 0.1 ya ba ka 6.1. Sai ya ce a ƙara matsowa, 3.01 ta ba da 6.01, 3.001 ta ba da 6.001, kai da kanka ba wanda ya faɗa maka za ka ga inda lambar ta dosa 6 ne, kuma 2x a wurin 3 ai 6 ɗin ce. Wallahi sai ka ji aji ya yi tsit. Daga nan ya kawo misalin motar Kano zuwa Zariya, in ka raba nisan tafiyar da awannin da aka yi matsakaicin gudu ka samu, amma abin da allurar gaban direba take nunawa daidai Kwanar Dangora shi ne dy/dx. Kuma duk da Hausa yake bayanin, sai an gane sannan a koma Turanci don jarrabawa. A wurinsa na fara jin cewa wannan rubutun na dy/dx na Leibniz ne, Bajamushe, wanda ya buga aikinsa a 1684, Newton na Ingila kuma ya gano nasa daban har aka yi ta rigimar wa ya riga wa.

Inda ɗan aji ukun nan ya fi ɓata lokaci shi ne irin su (2x+1)³, kusan kowa 3(2x+1)² yake rubutawa ya miƙe abinsa, an manta na cikin baka ma yana da nasa 2 ɗin, amsar 6(2x+1)² ce. Ba zai gyara maka ba fa, sai ka warware bakan da hannunka ka gano inda ka zame.

To Edita waɗannan yaran da kuɗin aljihunsu suke sayen maka ta rubutu a allo, ajin ma sai sun yi ta yawon nema, in an ɗauke wuta a ƙarasa da fitilar waya, alhali su ma karatunsu na jiransu. Roƙona ga shugabannin sassan lissafi, a ware musu aji guda mai sola, a ba su maka, a rubuta musu takardar yabo da za ta amfane su bayan hidimar ƙasa. Sannan a samar da zama na ranar Asabar da safe saboda 'yan uwanmu mata da ke zuwa daga cikin gari, ba iyayen da za su bar 'yarsu a makaranta har ƙarfe 10 na dare.

Na gode.
Wani ɗalibin injiniyanci, aji biyu, daga Kano.