Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Lamɗo Gashaka Kan Dajin Gindin Duwatsu

Zuwa ga Mai Martaba Lamɗo Gashaka,
Fadar Lamɗo, Serti, Jihar Taraba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka manoma da makiyaya da masunta da masu ɗiban zuma, mazauna ƙauyukan gindin duwatsu a gefen Gandun Dajin Gashaka Gumti, mun kawo kukanmu gabanka. Kukan kuwa na dajin da ke tsakanin gonakinmu da iyakar gandu ne, wanda yake ƙarewa muna ji muna gani.

Ranka ya daɗe, tun 1991 da gwamnatin tarayya ta haɗe gandun Gashaka da na Gumti, cikin gandu yana da doka, yana da masu gadi. Daga 2017 kuma, da hukumar gandayen daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar kare daji ta ANI (Africa Nature Investors), sintiri ya ƙaru, mun kuma yaba. Sai dai ikonsu a bakin iyaka ya tsaya. Kurmin bakin rafi da ƙananan tsaunuka da fadamun da muke kiwo, waɗannan ba su da mai tsawatarwa sai masarauta. Ɓauna da gwambaza da mazo ba su san inda aka kafa alamar iyaka ba. Da rani ruwa suke bi su gangaro, a wajenmu kuma ake kashe su.

Mai Martaba ya fi mu sanin abin da ya faru a shekarun Madrid, sunan da 'yan katako ke kiran itacen madobiya da shi. Baƙi suka shigo da injinan yanka katako suna bin madobiya ɗaya bayan ɗaya, manyan motoci na fita da gumagumai dare da rana, daga nan sai bakin teku, sai ƙasar Sin. Wasu matasanmu sun sayi babur, ba mu musa ba. To amma ganyen madobiya shi makiyayi ke saro wa shanunsa idan ciyawa ta bushe, furenta kuma ƙudan zuma ke bi. An sa itacen cikin waɗanda dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017, aka dakatar da fitar da shi daga Najeriya a 2018, amma kafin nan manyan bishiyoyin sun riga sun tafi. Injin kuwa bai koma gida ba. Ya juya kan kawo da maɗaci, masu gawayi na biye da shi suna kwashe abin da ya rage.

Abin da ya fi hana mu barci shi ne ruwa. Daga waɗannan duwatsu, har can Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi a Najeriya, Mayo Kam da 'yan uwansa suke gangarowa su shiga kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Saiwar itatuwan gangare ce ke riƙe ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har rani ya wuce. Inda aka sare su, ruwa ɗaya ake yi ya sauko da jar ƙasa da yashi ya binne shuka, kafin tsakiyar rani kuma rafin ya zama turɓaya, mata su yi ta tono suna jiran abin cika tulu. Masu haƙar ma'adinai sun ƙara dagula lamarin: suna wanke ƙasa a cikin rafin da muke sha, su bar ramuka buɗe, shanu na faɗawa. Ga kuma masu zuba Gamalin, maganin ƙwari mai guba, a gurbi don su kwashe kifi a yini guda. Giwan ruwa da tsage da 'ya'yansu duk su taso sama, a kai kasuwa, yaranmu su ci.

Tarkon waya ma ya yi yawa. Wayar birkin babur ake lanƙwasawa a ɗaure a hanyar dabba, ita kuwa ba ta zaɓe. Ta kama gada, ta kama maraƙi, ta kama kare, ta guntule hannun birin nan mai kama da mutum da masana ke kira cimpanzi. Ranka ya daɗe, irin wanda ke dajinmu a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa, shi ne mafi ƙaranci cikin nau'o'insa huɗu, kuma Gashaka na cikin manyan wuraren da ya rage. Tun shekarar 2000 masu bincike ke zuwa Kwano da ke cikin gandu daga Ingila da wasu ƙasashe domin shi. Sun rubuta yadda yake gyara tsinke ya zura a rami ya ciro zuma, ko ya kwaso kwarkwasa ya ci. Mutum ya taso daga wata duniya don ya ga wannan, ɗan da aka haifa a Serti kuma ya gama sakandare bai taɓa ganin dorina a Mayo Kam ba, bai hau tsaunin da kufan ganuwar Jamusawa yake kusa da garin Gashaka ba. Wannan yana mana ciwo ƙwarai, domin yaron da bai san dajin ba shi ne ake ba 'yan kuɗi ya nuna wa baƙo hanya.

Muna roƙon Mai Martaba ya tara hakimai da dagatai da jaurori da arɗo-arɗo, ya kafa doka da bakinsa cewa babu mai unguwar da zai ƙara karɓar goro ya ba baƙo izinin sara ko haƙa, kuma itacen bakin rafi da na kan gangare haramun ne ga injin ko na wane ne. Wanda aka kama da Gamalin ko tarkon waya a kawo shi fada kafin a miƙa shi ga hukuma, don jama'a su san Sarki ne ya hana. A sa lokacin ƙona daji tun farkon kaka, ciyawa na da sauran ɗanye, a hana wutar tsakiyar rani da ke cinye komai har ƙwan tsuntsu.

Ba za mu ɓoye maka ba, zama kusa da namun daji akwai wahala. Gwaggon biri na iya gama da gonar masara a safiya guda, mai gonar kuma a ce kada ya taɓa shi. Muna roƙo ka shiga tsakani, a zauna da hukumar gandu a duba yadda za a rage wa irin wannan manomi asara, a kuma fitar da burtali da mashaya a fili don makiyayi ya san inda zai bi. Tsofaffin maharbanmu sun san kowace hanya da kowane kogo a duwatsun nan. Idan aka ɗauke su ja-gora ga baƙi da masu bincike, suka ci abinci da saninsu, za su rataye bindiga. Muna kuma so kowace makaranta a masarautar nan ta samu ranar da za a kai ɗalibai cikin gandu da rani, tare da masu gadi da waɗannan dattawa.

A shirye muke mu ba da matasa daga kowane ƙauye da za su riƙa zagaya bakin rafuka suna kai wa dagaci rahoto, idan Sarki ya ba da izini. Muna roƙon a kira mu fada kafin ruwa ya ɗauke, domin da hanya ta bushe motocin katako ke dawowa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, ya zaunar da ƙasar Gashaka lafiya.

Wassalam.

Mu ne talakawanka,
Manoma, makiyaya, masunta da masu ɗiban zuma na ƙauyukan gindin duwatsu, ƙasar Gashaka.