Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Wani Babban Kanti a Zariya: Me Ke Cikin Robar Nan, Kuma Yaushe Aka Dafa Shi?

Zuwa ga Manaja da shugabannin kamfani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kasuwa tana albarka, ƙorafi ne ke tafe da ni a kan sashen dafaffen abinci na kantinku, wato kantar gilashin nan da firij ɗin da ke gefenta. Na yi wa ma'aikatanku maganar da baki ban samu gamsasshiyar amsa ba, kuma abin bai tsaya a kaina ni kaɗai ba, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a. Ban kama sunan kantin ba, don ba ɓata wa kowa kasuwa na fito yi ba. Kun san kanku. Gyara kayanka kuma bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ku ɗauki roba ɗaya ta soyayyar shinkafa da kaza daga kantarku, ku karanta sitikar da ke kan murfin. Akwai sunan kantinku da manyan haruffa. Akwai farashi. Akwai layukan nan da na'urar mai karɓar kuɗi ke karantawa. Sai sunan abincin a kalma biyu, sai kwanan wata guda ɗaya wanda ba a faɗi ko na mene ne ba. Iyakarta ke nan. Duk abin da kuke buƙata don ku karɓi kuɗina yana kan takardar, amma abin da nake buƙata kafin in ajiye abincin a gaban 'ya'yana babu shi. Haka samosa, haka alale, haka salak, haka gorar zoɓo da ta kunun aya.

Idan na tsaya wajen mai tsire a Kwangila, ina ganin naman a rataye. Zan iya tambayarsa ko yankan yau ne, na sa ne ko na rago, ya ba ni amsa ido cikin ido. In ya yi mini ƙarya, na san inda zan same shi gobe, shi ma ya san na sani. Mai masa a Tudun Wada a gabana take zuba ƙullu a tanda. Ku kuwa kun raba mu da mai girkin. Yarinyar da ke bayan kanta ba ita ta dafa ba, kuma in aka tambaye ta amsarta ɗaya ce: "Wallahi Hajiya, kawowa ake yi." Ban ga laifinta ba, ba a gaya mata ba ne. Tunda ba mu ganin mai dafawa, takardar nan ce kaɗai za ta amsa mana tambaya, ita kuma ta yi shiru. Abin ya zama cinikin biri a sama, a kantin da muke biyan kuɗin da ya fi na bakin titi don muna zaton a nan ne tsari yake.

Kwanan watan nan ya fi komai damuna. Na ranar da aka dafa ne? Na ranar da aka zuba a roba ne? Ko na ranar da abincin zai daina ciwuwa? Waɗannan abubuwa uku ne daban. Na'urar da ke buga irin wannan sitika a bisa al'ada ranar da aka danna ta take bugawa, ba ruwanta da ranar da tukunya ta sauka daga wuta. Na taɓa cin karo da robar salak mai sitika a kan sitika. Da na nuna, sai aka ce farashi ne ya canza. Mai yiwuwa haka ne. Sai dai sabon farashin ya zo da sabon kwanan wata, ya rufe tsohon ruf. Ban ce kuna sabunta abincin jiya ya koma na yau ba. Abin da nake cewa shi ne, ko da ana yin haka babu yadda za a yi mai saye ya gane, kuma tsarin da ya bar wannan ƙofa a buɗe yana buƙatar gyara ko ba a taɓa bi ta cikinta ba.

Ga dafaffen abinci ma rana kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da awa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ko dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Shinkafa tana da nata haɗarin na musamman: akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda dafuwa ba ta kashe ƙwanta, in shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba mai sa amai, kuma ɗumame ba ya karya wannan gubar. To ku haɗa wannan da zafin Zariya na watan Maris da Afrilu, lokacin da ake kusantar digiri 40, da kuma ɗauke wutar da ba sai na yi muku bayaninta ba. Ku tuna su wa ke saye. Da yawansu ɗalibai ne daga Samaru da Kongo, masu ɗaukar robar su tafi da ita ɗakin da babu firij. A watan azumi wani zai saya bayan la'asar, ya ci rabi da buɗa-baki, ya ajiye rabi don sahur. Da an rubuta "an dafa ƙarfe goma na safe, a cinye kafin ƙarfe kaza, a ajiye a firij", da ya san lissafin da zai yi. Kunun aya kuwa kowace mace ta san ba ya kwana in babu sanyi, amma gorarku ba ta ce uffan ba.

Sai batun nama. A kan samosa da sosej an rubuta nama kawai. Naman me? Da wane mai aka soya, kuma akwai kitse a haɗin ko babu? Wannan ba ƙaƙale ba ne. Ƙa'idar Codex, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara kuma ƙasashe ke gina dokokinsu a kanta, tun 1985 ta ce a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma ta ware kitsen alade da kitsen sa ta ce dole a kira su da sunansu, ba a ɓoye su ƙarƙashin kalmar kitse ba. A garin da mafi yawan masu sayenku Musulmi ne, ban ga dalilin da zai sa sai mun roƙa ba. Ban zarge ku da sayar da haram ba, Allah ya kiyaye. Amma sosej abu ne niƙaƙƙe da ya ratsa hannaye da yawa kafin ya iso gare ku. A 2013 an gano naman doki a cikin abincin da ake sayarwa da sunan naman sa a manyan kantunan Ingila da Ayalan da wasu ƙasashen Turai, kuma kantunan sun ce su ma ba su sani ba. In kun san daga inda naku ya fito, rubutawa ba za ta gagare ku ba.

Ina da 'yar da jikinta ba ya karɓar ƙwai. Ko kaɗan ta ci sai borin jini ya feso mata, leɓɓa su kumbura. A gida abin da sauƙi, ni ce mai girkin. A kantinku kuwa ban san ko an shafa wa fulawa ƙwai kafin a gasa ba, ban san ko an fasa shi a alale ba, mayonis ɗin salak ma da ƙwai ake yin sa. Wasu gyaɗa ce matsalarsu, ga shi kilishi da yajin tsire duk da ƙuli-ƙuli ake haɗa su. Wasu kifi, wasu madara, wasu alkama ko waken suya. Duk waɗannan suna cikin abubuwan da ƙa'idar Codex ta ce a riƙa bayyanawa.

Na san amsar da za a iya ba ni: wai dokokin rubutun kan abinci na masana'antu ne, ba su shafi abin da aka dafa aka zuba a roba cikin kanti ba. A Ingila ma da wannan hujjar aka riƙa fakewa a da. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin sama na Heathrow. An cuɗa riɗi a cikin ƙullin burodin, ba a rubuta a jikin takardar ba, domin doka a lokacin ba ta tilasta wa mai haɗa abinci a cikin shagonsa ya rubuta ba. Bayan ta ci shi jikinta ya rikice a cikin jirgi, ta rasu a wani asibiti a Faransa. Iyayenta ba su yi shiru ba har sai da aka sauya dokar, kuma daga Oktoban 2021 duk abincin da aka naɗe a shago don sayarwa a can dole ya ɗauki cikakken jerin kayan haɗinsa. Riɗi ne fa, wanda muke yin kantu da shi muna ba yara.

Mu ma ba a rasa doka ba. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da ƙa'idojin rubutun kan abincin da aka riga aka ƙunshe, na 2005 da aka sabunta a 2022. Suna neman sunan abinci na gaskiya, jerin kayan haɗi, nauyi, suna da adireshin wanda ya yi, lambar rukunin da aka yi tare, ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi, da yadda za a ajiye. Ku taka kaɗan daga kantar abincin zuwa inda kuke jera gwangwanin tumatir da taliya, za ku ga duk an rubuta waɗannan. Abin mamaki, gwangwanin da zai yi watanni bai lalace ba shi ne ke da cikakken bayani, shinkafar da ba za ta kai gobe ba ita ce babu. Akwai kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 114 ya ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, sashe na 116 kuma ya hana siffanta kaya ta hanyar da za ta ruɗe shi. A Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda farashin da ke kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa wajen biya. In an rufe kanti a kan farashi, ina ga abin da ke shiga cikin mutum?

Gishiri da sukari ba zan tsawaita a kansu ba. Surukata tana zuwa asibiti a Shika saboda hawan jini da ciwon suga, an ce ta rage duka biyun. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba ƙasa da giram 5 na gishiri ne a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Ban ce ku auna kowace tukunya a ɗakin gwaji ba. Amma a gaya mana ko zoɓon nan da sukari aka yi shi ko da sakarin, kuma ko an sa farin magi a miya.

Abin da nake nema bai kai kuɗin sabon firij ba. Na'urar da ke buga farashi ita ce za ta buga sauran. A rubuta ranar dafawa da awa, da lokacin da ya kamata a cinye. A faɗi irin naman da irin man. A fito da ƙwai, gyaɗa, riɗi, madara, kifi, alkama da waken suya da manyan haruffa in suna ciki. In farashi ya canza, a liƙa sabon a gefe, kada a rufe tsohon kwanan wata. A kuma yi shi da Hausa tare da Turanci, tunda a Zariya kuke, kuma ba kowace uwa ce da aka aiko wa da abincin gida take karanta Turanci ba.

Akwai kuma matan da ke kawo muku cincin da dambun nama da samosa daga gidajensu a Sabon Gari da cikin birni. Da yawansu sun fi wasu manyan gidajen abinci tsabta, kuma ba na so wannan wasiƙa ta zama sanadin da za a sallame su. A sa sunan sana'ar kowacce a kan kayanta. Wadda ta iya za ta yi suna, in kuma wani abu ya faru za a san tukunyar da za a bincika, ba a kwashe su duka a yi musu kuɗin goro ba. Ku taimaka musu da rajista in ba su da ita, tunda da girkinsu kuke cin riba.

Zan kai kwafin wannan wasiƙa ofishinku da hannuna. Ina roƙon a ba ni amsa a rubuce, a faɗi abin da za a gyara da lokacin da za a fara. In abin ya ci gaba a yadda yake, zan miƙa koke ga ofishin NAFDAC na Kaduna da hukumar FCCPC, tare da hotunan sitikun da rasit ɗina. Kafin nan zan ci gaba da sayen sabulu da taliya a wajenku, dafaffen abincin kuwa na dakatar.

Wassalam.

Taku,
Wata mai sayayya a kantinku,
Samaru, Zariya.