Bashin ƙungiyoyin ƙwallo: ku riƙa ba mu labari tun kafin a cire maki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna da ƙorafi kan yadda shafinku na wasanni ke kawo labarin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa da bashi ya kayar. Idan wata ƙungiya a Ingila ta sayi ɗan wasa da tsada, sai ku ba labarin rabin shafi, ga hoto ga adadin kuɗi. Ranar da ta kasa biyan albashi kuwa, layi uku kawai ake gani: an cire mata maki kaza, mai ita ya janye hannu. Mai karatu sai ya zaci daga sama abin ya faɗo, alhali alamominsa sun shekara biyu ko uku suna cikin takardun lissafin da dokar Birtaniya ta tilasta wa kowane kamfani ya miƙa duk shekara, kuma kowa na iya karanta su kyauta a intanet.

Portsmouth ta isa misali, domin masu kallon ƙwallo a nan sun san ta. A 2008 ta ci Kofin FA, Nwankwo Kanu ne ya zura ƙwallo ɗaya tilo a ragar Cardiff a wasan ƙarshe, John Utaka da Sulley Muntari na cikin tawagar. Filinta na Fratton Park mutum dubu ashirin da ɗoriya kawai yake ɗauka, amma albashin da take biya irin na ƙungiyoyin da ke tara ninkin wannan ne. Giɓin da ke tsakani mai ƙungiyar, Alexandre Gaydamak, da bankuna ke cikewa. A nan ne tambayar farko da ɗan jarida ya kamata ya yi take: kuɗin da attajiri ya zuba, jari ne ko rance? In jari ne, ya sayi hannun jari, asara tasa ce. In rance ne, ranar da ya gaji zai shiga layin masu bin ƙungiyar bashi. Na Gaydamak da yawa rance ne. Da tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008 ya daina zubawa, bankuna suka nemi nasu, aka shiga sayar da 'yan wasa: Muntari zuwa Inter, Lassana Diarra zuwa Real Madrid, Jermain Defoe da Peter Crouch zuwa Tottenham, Glen Johnson zuwa Liverpool. Kuɗin ba su tsaya a ƙungiyar ba, tsofaffin basussuka suka tafi biya.

Me ya sa sayar da manyan 'yan wasa biyar bai isa ba? Domin ba a biyan kuɗin sayen ɗan wasa lokaci guda. Akan raba shi kashi uku ko huɗu, a biya cikin shekaru. Ƙungiya za ta iya sayar da ɗan wasan da ba ta gama biyan kuɗinsa ba, wadda ta saye shi ita ma ta biya ta da kaɗan-kaɗan, ga kason dillalai, ga kason da aka yi wa tsohuwar ƙungiyarsa alkawari. A takarda kuma lissafin daban ne. Wanda aka saya fam miliyan 20 da kwantiragin shekara biyar, miliyan 4 ake rubutawa a matsayin kashewa duk shekara. Shi ya sa takarda kan nuna asara mai sauƙi alhali asusun banki babu ko kwabo a ƙarshen wata. Ƙungiya ba ta mutuwa don takarda ta nuna asara. Tana mutuwa ne ranar da albashi da haraji da kason cinikin 'yan wasa suka faɗo a mako guda kuma babu tsabar kuɗi.

Akwai jerin da abin yake bi, kuma da wuya ya saɓa. Da farko a jinkirta kuɗin ƙananan masu kawo kaya, masu abinci da masu motoci da masu gyaran ciyawa, tunda ba su da bakin magana. Sai a riƙe harajin da aka cire daga albashin ma'aikata maimakon a miƙa wa hukumar haraji, wato an mai da gwamnati banki ba da izininta ba. Sai a ci kuɗin gobe yau: a jinginar da kuɗin talabijin ko na tikitin kakar da ba ta zo ba. Sai albashin 'yan wasa ya makara. Portsmouth ta taka kowane mataki a kakar 2009 zuwa 2010. An hana ta sayen 'yan wasa a watan Oktoba, albashi ya makara sau da dama, hukumar haraji ta kai ta kotu tana neman a rusa kamfanin, hukumar gasar Firimiya ta riƙe kasonta na talabijin ta biya ƙungiyoyin da ke bin ta. Cikin watanni shida ta ratsa hannun mutum huɗu: Gaydamak, Sulaiman Al-Fahim, Ali Al-Faraj, Balram Chainrai. A Fabrairun 2010 ta zama ƙungiyar Firimiya ta farko da aka miƙa wa kantoma, da bashin da ya haura fam miliyan 100, aka cire mata maki 9.

Wannan mataki na kantoma ne rahotanninku suka fi rikitawa, domin sau da yawa kuna rubuta shi kamar an rufe ƙungiya. Ba haka ba ne. Kantoma akanta ne mai lasisi da ke karɓe ragamar kamfanin daga daraktoci, kuma daga ranar da ya shiga masu bin bashi ba za su ƙwace kadara ko su ci gaba da ƙara ba sai da izini. Aikinsa ya rage kashe kuɗi, ya ci gaba da buga wasanni, ya nemo mai saye, sannan ya gabatar wa masu bin bashi tayin abin da za su samu. Tayin ba ya wucewa sai masu kashi 75 cikin 100 na ƙimar bashin sun yarda. A Portsmouth kashi 20 cikin 100 aka yi musu alkawari, a biya cikin shekara biyar. Rusawa ita ce matakin da ke bayan wannan, inda ake sayar da kadarori a rufe kamfanin. Shi ya sami Rangers ta Scotland a 2012, har ta koma ta faro daga rukuni na huɗu.

Abin da ya fi ci mana rai, kuma ba mu taɓa ganinsa a shafinku ba, shi ne wanda ke ɗaukar asarar. A Ingila akwai ƙa'idar da ta ce bashin da ke cikin gidan ƙwallo, wato albashin 'yan wasa da kuɗin da wasu ƙungiyoyi ke bi, dole a biya shi cif kafin ƙungiya ta ci gaba da zama a gasa. Saboda haka ɗan wasa mai ɗaukar dubban fam a mako yana da kariya, mai sayar da burodi da masu aikin agajin gaggawa a filin wasa kuwa su tashi da ɗan kaso, kamar ɗaya cikin biyar ɗin Portsmouth, in ma sun samu. Kantoman Portsmouth ya sallami ma'aikata 85 cikin makonnin farko, kuma ba masu buga ƙwallo ba ne. Hukumar haraji ta ƙalubalanci wannan ƙa'ida a kotu ba ta yi nasara ba. Masu kare ta na cewa tana hana faɗuwar ƙungiya ɗaya ta jawo ta wasu. Mu dai muna ganin tana sa ƙungiyoyi su sayar wa wadda ba ta da kuɗi ɗan wasa hankali kwance, tunda sun san nasu ba zai nutse ba.

Ko alkawarin kashi 20 ɗin bai cika ba. Kamfanin da ya sayi Portsmouth ya shiga hannun kantoma a ƙarshen 2011, ita ma ta sake komawa hannun kantoma a Fabrairun 2012, aka cire maki 10. Zuwa 2013 tana rukuni na huɗu, shekara biyar bayan ƙwallon Kanu. Magoya bayanta ne suka tara kuɗi, hannun jari ɗaya fam 1,000, suka saye ta.

Ƙasan Firimiya abin ya fi muni, saboda tazarar kuɗin talabijin tsakaninta da rukuni na biyu ta sa masu ƙungiyoyi na yin caca da neman hawa. An yi shekarun da jimillar albashin rukunin ta haura jimillar kuɗin shigarsa. Derby County ta sayar wa mai ita, Mel Morris, filinta na Pride Park kan kusan fam miliyan 80 don takarda ta nuna riba, ta kuma yi lissafin darajar 'yan wasa ta hanyar da hukumar gasa ta ƙi amincewa da ita. A 2021 aka cire mata maki 12 na shiga hannun kantoma da 9 na saɓa ƙa'idar lissafi, a ƙarshen kakar ta faɗa rukunin ƙasa. Bury, wadda ta ci Kofin FA a 1900 da 1903, an sayar da ita fam ɗaya a Disambar 2018 ba tare da sabon mai ita ya gamsar da hukuma cewa yana da kuɗin riƙe ta ba, aka kore ta daga gasa a Agustan 2019 bayan shekara 125 tana cikinta. A makon ne Bolton, inda Jay-Jay Okocha ya yi tashe, ta sha da ƙyar.

Roƙonmu shi ne, duk lokacin da za ku yaba wa ƙungiya kan sayayya, ku haɗa da kason kuɗin shigarta da albashi ke cinyewa. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta kafa iyakar kashi 70 cikin 100 ga albashi da kuɗin ciniki da na dillalai a haɗe, wannan ma'auni ne da mai karatu zai gane. Ku faɗi nawa mai ƙungiya ke bin ta, da ko filin wasan nata ne ko an jinginar. In kun ji an makara biyan haraji ko albashi ko da sau ɗaya, labari ne babba, kada ku jira cire maki. Irin wannan ido ya kamata ku sa wa ƙungiyoyinmu na gida ma. Yawancinsu na gwamnatocin jihohi ne, ba su shiga hannun kantoma, amma dogaro da aljihu ɗaya nan ma shi ne ciwon, kuma bashin albashi da alawus na wasa kan 'yan wasa yake sauka.

Akwai kuma abin da yaranmu masu fita buga ƙwallo waje ke buƙatar ji daga gare ku. Dokar FIFA kan matsayi da sauyin sheƙar 'yan wasa, sashe na 14bis, ta ce idan ƙungiya ta riƙe albashin wata biyu, ɗan wasa zai rubuta mata takardar gargaɗi ya ba ta aƙalla kwana 15. In ba ta biya duka ba, yana da damar soke kwantiraginsa ya nemi diyya. Inda ake yin kuskure shi ne tafiya ba tare da rubutaccen gargaɗin ba, ko sa hannu a takardar yafe bashi don a sake shi, ko rashin riƙe kwafin kwantiragi da shaidar banki. Wanda ya tafi haka, ƙungiyar da ta ci haƙƙinsa na iya juyowa ta kai shi ƙara cewa shi ya karya yarjejeniya.

Wassalam.

Daga wasu masu bibiyar harkar kuɗin ƙwallon ƙafa, Kano.