Ciwon damuwa da fargaba: mu duba abin da ke shiga tukunyarmu

Assalamu alaikum Edita. Gaisuwa da fatan alheri, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara ɗaukaka wannan jarida tamu. Don Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya same mu a gida, ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne a nan Sakkwato.

Ina da yaya mace, ita ce babbarmu, tun rasuwar Inna ita ta riƙe mu. Mace ce mai kazar-kazar wadda in ana biki a dangi ita ke tsaye kan tukunya tun asuba har la'asar. Bara da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke kai wa mutum ya kwana yana gumi a tsakar gida, sai Yaya ta canza mana gaba ɗaya. Ba ta son magana, ba ta son hayaniyar yara, in ka shiga ɗakinta za ka iske ta zaune bakin katifa ta zabga tagumi, ka ce Yaya lafiya sai ta ce gabanta ke faɗuwa kuma ba ta san dalili ba. Da dare jijiyar ƙafarta ta riƙe har sai ta yi ƙara. Akwai ranar da na ga ta ɗauki buta za ta yi alwala, butar nan ta roba da ko ɗan yaye zai ɗauka, hannunta na rawa ta aje ta zauna tana hawaye. Wallahi wannan rana ban iya cin abinci ba.

Ka san halinmu, kowa ya zo da tasa, wani ya ce iska ce wani ya ce sammu, wata ta ce ai tunanin miji ne tunda ya rasu. An yi addu'a an yi rubutu, kuma ba mu raina addu'a ba. Sai da wata biyu ta wuce muka kai ta asibiti aka ɗibi jini, likita ya ce sinadarin fotasiyam ya yi ƙasa a jininta, ya ce na mai lafiya yana tsakanin 3.5 ne zuwa 5.0 ita kuwa nata bai kai ba. Ashe wani maganin hawan jini mai sa yawan fitsari take saye a wani kemis tana sha babu awo babu ganin likita, ga gumin bazara, ga zawo da ta yi fama da shi kwanaki, ga abincin nata daga shinkafa da mai da yaji sai shayi da burodi. Duk waɗannan hanyoyi ne da fotasiyam ke zurarewa daga jiki ko ya ƙi shiga.

Daga nan na shiga tambaya da karance-karance. Fotasiyam dai sinadari ne da ke cikin abinci, kuma jijiyoyin jiki da tsoka da bugun zuciya duk da shi suke aiki. Ƙwaƙwalwa ma saƙonnin da take aikawa kamar wutar lantarki ne, kuma sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, da fotasiyam ne ke musayar wuri a bangon ƙwayoyin halitta kafin saƙon ya wuce. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Jens Skou shi ya gano abin da ke yin wannan musaya, wanda ake kira famfon sodiyam da fotasiyam, a 1957, har aka ba shi kyautar Nobel a 1997. To ka ga abin da ƙwaƙwalwa ke dogaro da shi haka, ba mamaki in ya yi ƙaranci mutum ya ji kasala da mutuwar jiki da bugun zuciya, kuma wanda zuciyarsa ke bugawa fat-fat ba gaira ba dalili ai dole tsoro ya kama shi.

Masu bincike a Amurka da Koriya ta Kudu da Japan sun duba abin da dubban manya ke ci, suka tarar waɗanda fotasiyam ya yi ƙaranci a abincinsu sun fi yawan alamun ciwon damuwa. Amma a nan nake so mai karatu ya tsaya da kyau, don na ga yadda ake yawo da irin wannan labari a WhatsApp ana cewa wai ayaba na maganin damuwa, ci biyu kullum ka warke. Binciken nan alaƙa ya nuna, wato ana yawan samun abubuwan biyu tare. Kuma wanda damuwa ta kama ai cin abinci ma fita ransa yake yi, kamar Yaya da sai a kai mata tuwo ya huce a rufe, to ka ga ita damuwar da kanta na iya jawo ƙarancin, ga talauci da ke iya haddasa duka biyun. Ita Yaya likita ya gyara mata magani, aka gyara abinci ƙarfin jikinta ya dawo cikin makonni, ciwon ƙafa ya tafi, amma ƙuncin zuciyar bai tafi duka ba sai da ta ga likitan ƙwaƙwalwa ta yi watanni tana shan magani tana zuwa ana tattaunawa da ita. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware nan kusa da mu, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo cikin gari, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, wannan kunyar ce ta sa muka ɓata wata biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 280 ke fama da ciwon damuwa a 2019, masu ciwon fargaba kuma miliyan 301.

Abin da ya fi ƙona mini rai Edita shi ne abincin nan a ƙofar gidanmu yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla miligiram 3,510 na fotasiyam a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ayaba matsakaiciya tana da kamar miligiram 420, kenan sai ka ci takwas kullum kafin ka kusa cikawa, wa ke da kuɗin wannan a yanzu, ayabar da daga kudu ake ɗauko ta? Amma wake fa? Dankalin Hausa, alayyahu, zogale, tumatir, gyaɗa, kabewa, kankana, kifi, nonon da ake dama fura da shi, dabinon da giram 100 nasa ke da sama da miligiram 600. Ka leƙa fadamar Kwalkwalawa da rani ko ka bi ta Goronyo da Wurno ka ga abin da Allah ya hore mana, a loda a mota a yi kudu da shi, mu kuma mu koma gida mu dafa farar shinkafa da taliyar yara mu zuba magi uku a tukunya ɗaya. Kakanninmu da ke cin kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da faten wake da miyar ganye ba su taɓa jin sunan fotasiyam ba amma suna samun shi. Na san tsadar rayuwa ta matse kowa, ni ma albashi ba ya kai ni ƙarshen wata, sai dai ƙullin alayyahu ko zogale har yanzu bai kai kuɗin lemun kwalba ɗaya ba.

Wani abu da matan gidanmu suka koya wajen ma'aikaciyar jinya, fotasiyam yana narkewa cikin ruwa. In kika tafasa ganye ko dankali kika tsiyaye ruwan kika zubar a kwata, da yawa daga cikinsa ya bi ruwan. Gara a rage ruwan dahuwa ko a turara, ko a yi miya da shi yadda za a shanye romon.

Sai maganar kanwa, don Allah a ji wannan da kyau. Da muka dawo daga asibiti wata gwaggonmu ta ce ai abu mai sauƙi ne, tunda 'yan boko na kiran kanwa fotash sai a riƙa jiƙa mata tana sha. Allah ya kiyaye muka sake tambayar likita. Kanwar da muke sa wa ɗan wake da kunu yawancinta sodiyam ce, dangin gishiri, suna ne kawai ya yi kama. Mai hawan jini in ya dage da shan ta ƙara wa kansa ciwo yake yi.

Haka kuma kada wani ya ji wannan ya ruga kemis ya sayi ƙwayar fotasiyam. Yawansa a jini yana iya tsayar da zuciya. Mai ciwon ƙoda musamman, da masu shan magungunan hawan jini irin su lisinopril da spironolactone waɗanda ke riƙe fotasiyam a jiki, su ko ayaba da dabino sai sun tambayi likitansu adadin da za su ci. Yaya ma sai da aka duba ƙodarta tukuna aka ce ta ci wake da ganye yadda take so.

Roƙona ga jaridarku shi ne ku riƙa ware shafi ko da sau ɗaya a wata ku gayyato likitocin ƙwaƙwalwa da masana abinci na nan Arewa su yi mana bayani da Hausa, da sunayen abincin da muka sani a kasuwa. Tun Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, amma mutanen unguwarmu da yawa ba su ma san da ita ba. Gidajen rediyonmu na Sakkwato su ma su taimaka, don Yaya da ƙawayenta rediyo suke saurare ba jarida ba. Likitocinmu kuma in mutum ya zo yana kukan faɗuwar gaba da kasala, don Allah a tambaye shi me yake ci da wane magani yake sha a gida, a kuma auna jininsa in da hali.

Yaya dai Alhamdulillahi, bikin ɗiyar ƙanenmu da aka yi bayan Sallah ita ta tsaya kan tukunyar tuwo, kuma duk ranar Juma'a ni ke biyawa kasuwa in kai mata zogale da dankali da mudun wake.

Na gode Edita, Allah ya saka da alheri.

Naku mai karatu,
daga Mabera, Sakkwato.